Tarihin Pestalozzi, Malamin da ya Mai da Makaranta Gida

A tsakiyar Turai akwai wata ƙaramar ƙasa mai manyan duwatsu da tafkuna, ana kiranta Suwizalan. Faransa na yamma da ita, Jamus na arewa, Italiya na kudu. Ita ce ƙasar da aka haifi Hanns Vischer, wanda Hausawa suka sani da sunan Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909. To, shekara 130 kafin haihuwar Ɗan Hausa, watau ran 12 ga Janairu 1746, aka haifi wani yaro a birnin Zurik na wannan ƙasa, aka sa masa suna Johann Heinrich Pestalozzi. Wannan mutum ya kafa makaranta sau huɗu a rayuwarsa, dukansu kuwa an rufe su yana raye. Duk da haka da wuya a sami ƙasar da ba a koyar da yara a cikinta da wani abu daga tafarkinsa. Labarinsa ya cancanci masu riƙon al'amuran jama'a su sani, domin a cikinsa za a ga abin da ke raya makaranta, da abin da ke kashe ta.

Tasowarsa

Uban Pestalozzi likita ne mai fiɗa, ya rasu cikin 1751, yaron yana da shekara biyar, bai bar musu dukiyar kirki ba. Uwarsa ce ta rene shi, tare da wata baiwar Allah mai aikin gida, wadda a ke kira Babeli, wadda ta ɗaukar wa uban alkawari a gadon ajalinsa cewa ba za ta bar iyalinsa ba, ta kuwa cika. Daga waɗannan mata biyu ya ɗauki ra'ayin da ya riƙe har mutuwarsa, watau ɗakin uwa shi ne makarantar fari, kuma duk makarantar da ba ta yi kama da shi ba ta ɓata hanya.

Kakansa limamin coci ne a wani ƙauye mai suna Höngg, yaron ya kan je wurinsa hutu. Can ya ga halin da talakawan ƙauye ke ciki. A zamanin nan mutanen birni ke mulkin na ƙauye, sun hana su manyan sana'o'i da zurfin karatu. 'Ya'yan talakawa tun suna ƙanana a kan zaunar da su kaɗi da saƙa a cikin ɗakuna masu danshi, har su ƙanjame. Makarantun ƙauye kuwa sau da yawa malaminsu baduku ne, ko tela, ko tsohon soja wanda ya rasa abin yi. Aikinsa shi ne ya sa yara su haddace tambayoyi da amsoshi, ba tare da sun san ma'anarsu ba, sanda kuwa tana hannu.

Da ya girma ya shiga babbar makarantar birnin, da nufin zama limami, daga baya ya juya wajen shari'a. Cikin 1762 wani marubuci mai suna Rousseau ya fitar da littafi mai suna Emile, wanda ya nuna cewa yaro yana da tasa ɗabi'a da nasa matakan girma, kuma wajibi ne koyarwa ta bi su. Littafin nan ya shiga ransa ƙwarai. Sai ya bar karatu, ya koyi noma, ya auri wata 'yar attajiri mai suna Anna Schulthess cikin 1769, ya ci bashi ya sayi fili kusa da ƙauyen Birr, ya gina gida ya sa masa suna Neuhof, watau sabuwar gona.

Makarantar Farko: Neuhof

Noman bai yi albarka ba. Ƙasar ba ta da ƙarfi, shi kuwa bai iya riƙon lissafi ba, masu bankin da suka ba shi rance suka janye hannunsu. Cikin 1774 sai ya fara tattara 'ya'yan mabarata da marayu, yana ajiye su a gidansa, yana ci da su, yana tufatar da su. Da damina su yi aikin gona, da hunturu su yi kaɗi da saƙa, yana koya musu magana da lissafi da waƙa hannunsu na kan aiki. Tsammaninsa abin da suka saƙa zai isa ya ciyar da gidan.

Abin bai yiwu ba. Zaren da yaro mai koyo ya kaɗa bai iya gasa da na gwanaye a kasuwa. Har wa yau waɗansu iyaye da sun ga ɗansu ya yi ƙiba, ya sami sabuwar riga, ya iya sana'a, sai su zo su ɗauke shi, don ya riƙa samo musu kuɗi. Dukiyar matarsa ta ƙare a cikin wannan aiki, cikin 1780 aka sallami yaran. Ya zauna shekara goma sha takwas cikin talauci, mutane suna yi masa kallon mahaukaci. A cikin wannan zama ya rubuta labarin wata mace mai suna Gertrud, matar wani magini mashayi, wadda ta gyara gidanta, gyaran ya bazu har ya game ƙauyen duka. Littafin ya fito cikin 1781, ya yi suna a ƙasashen da a ke jin Jamusanci, amma yawancin masu karatu daɗin labarin suka ji, ba su kula da darasinsa ba.

Marayun Stans

Cikin 1798 sojan Faransa suka shiga Suwizalan, aka rushe tsohon tsarin mulki, aka kafa sabuwar gwamnati guda ɗaya. Mutanen wani yanki mai suna Nidwalden suka ƙi yi mata mubaya'a. Ran 9 ga Satumba 1798 sojan Faransa suka auka musu, aka kashe fiye da mutum 400, har da mata da yara, aka ƙone gidaje masu yawa. Gwamnati ta ga lalle a yi wani abu saboda marayun da aka bari, sai ta aika da Pestalozzi garin Stans, yana da shekara 52. Aka ba shi wani sashe na gidan mata masu zaman ibada, ginin ma ba a gama gyaransa ba. Ran 14 ga Janairu 1799 aka fara karɓar yara, kafin bazara sun kai wajen 80.

Yaran sun zo da ƙazwa da ƙwarƙwata, waɗansu sun rame kamar kara, waɗansu sun saba da bara da ƙarya, waɗansu tsoro ya hana su ɗaga kai. Ba shi da mataimaki sai mace guda mai kula da abinci. Mutanen gari kuwa ba su amince da shi ba, domin ɗarikarsa dabam da tasu, ga shi kuma ɗan aiken gwamnatin da ta jawo musu wannan masifa. Shi ke yi wa yaran wanka, shi ke jiyyar marasa lafiya, tare su ke ci, a tsakiyarsu ya ke kwana. Bai fara da littafi ba. Ya ga cewa yaron da ke jin yunwa da tsoro ba abin da zai shiga kansa, saboda haka ya fara da mai da su 'yan'uwan juna, kamar 'ya'yan gida ɗaya. Sa'ad da suka saki jiki, sai karatu ya zo da sauƙi. Da ya ke shi kaɗai ne, ya kan sa yaron da ya gane abu ya zauna tsakanin biyu waɗanda ba su gane ba, ya koya musu.

Cikin watan Afril na shekaran nan gobara ta cinye garin Altdorf da ke maƙwabtaka da su. Pestalozzi ya tara yaran, ya shawarce su ko a roƙi gwamnati ta kawo musu yara ashirin daga can. Ya bayyana musu a fili cewa in an kawo su abinci zai ragu, aiki zai ƙaru, har tufafi ma sai an raba, ya ce kada su amsa sai sun yi tunani. Suka ce sun yarda. Wannan ita ce hanyarsa ta koyar da halin kirki: a bar yaro ya ji tausayi a ransa, ya aikata alheri da hannunsa, sa'an nan a gaya masa sunan abin da ya aikata.

Cikin watan Yuni yaƙi ya sake kusatowa, hukuma ta karɓe ginin ta mai da shi asibitin soja, aka watsa yawancin yaran. Aikin bai wuce wata biyar ba. Pestalozzi ya fita yana tarin jini, ya hau kan duwatsu jiyya. Amma a cikin watannin nan ya tabbatar wa kansa cewa 'ya'yan matalauta suna da basira daidai da na kowa.

Burgdorf da Tsarin Koyarwa

Da ya warke sai ya nemi a ba shi aji a garin Burgdorf. Aka haɗa shi da wani baduku mai koyar da 'ya'yan talakawa a ɗakin da ya ke ɗinkin takalma. Badukun ya ji tsoron kada a karɓe masa abincinsa, ya zuga iyaye cewa baƙon nan ya yi watsi da haddar addini, aka kore shi. Waɗansu masu faɗa a ji suka sa baki, aka ba shi ajin ƙananan yara a wata makaranta. Bayan wata takwas, cikin Maris 1800, hukumar makarantun garin ta zo ta jarraba yaran, ta rubuta masa takardar yabo. A ƙarshen shekaran nan gwamnati ta ba shi tsohon gidan sarautar garin, ya buɗe makarantar kwana tare da wani malamin ƙauye mai suna Hermann Krüsi da waɗansu samari. Cikin 1801 ya fitar da littafin da ya bayyana tsarinsa.

Tushen tsarin shi ne abin da Bahaushe ya ce, gani ya kori ji. Kada a ba yaro kalma sai ya ga abin da kalmar ke nufi, ya taɓa shi, ya juya shi. In za a koya masa lissafi, a fara da wake ko tsakuwa, ya ƙirga, ya tara, ya ɗebe, har uku da huɗu su zauna a kansa, kana a nuna masa yadda a ke rubuta su. In za a koya masa rubutu, a fara da zanen layi da kusurwa a kan allon dutse, domin hannu ya saba. A fara da na kusa kafin na nesa, da mai sauƙi kafin mai wuya, kada kuma a wuce mataki sai yaro ya taka shi da ƙafarsa. Wani almajirinsa ya ba da labari cewa takardar adon da aka manna a bangon ajinsu ta tsufa ta yayyage, sai malamin ya kan tsai da su gabanta, ya sa su faɗi abin da su ke gani: rami ne, dogo ne ko gajere, ina ya ke, me ke bayansa. Da haka su ke koyon lura da tsara magana. Ya kuma nace cewa yaro yana da kai da zuciya da hannu, wanda ya cika ɗaya ya bar biyun bai yi tarbiyya ba.

Cikin 1802 gwamnati ta aiko masu dubawa, suka yaba, aka yanka wa makarantar taimako daga baitulmali. Amma cikin 1803 Nafoliyon ya rushe gwamnatin nan, ya mayar wa kowane yanki da ikonsa. Sabbin mahukuntan Bern suka ce suna bukatar gidan don mazaunin hakiminsu. Cikin 1804 makarantar ta kwashe kayanta.

Zaman Jama'a a Yverdon

Mutanen garin Yverdon, a bakin tafkin Neuchâtel, suka ba shi tsohon gidan sarautarsu kyauta. Nan makarantar ta zauna daga 1805 har 1825, nan kuma sunansa ya game duniya. Wajen 1809 almajirai sun wuce 150, daga Jamus da Faransa da sauran ƙasashe, ban da manyan mutane da suka zo koyon aikin malanta.

Zaman gidan abin lura ne. Ƙofa a buɗe ta ke wuni, ba mai gadi, yara kuwa ba su cika yin ɓarna da wannan sakewa ba. Ana fara darasi da ƙarfe shida na safe, a yi wanke fuska da ruwan sanyi a tsakar gida ko da hunturu ne. Ƙananan malamai tare da yara su ke kwana, abinci ɗaya su ke ci, tare su ke wasa. Da zafi a tafi iyo a tafki, da sanyi a yi sulɓi a kan ƙanƙara, lokacin hutu a ɗauki sanda a hau duwatsu kwana da kwanaki. Yara suna kiransa Baba, suna kiran matarsa Mama. A kowane mako malamai su kan kawo masa labarin halin kowane yaro, shi kuma ya kira su kaɗan kaɗan ya yi hira da su. Ya hana malamai duka. Shi kansa a Stans ya taɓa marin yara, amma hujjarsa ita ce uban da ke wahala da yaro dare da rana yana da wani haƙƙi wanda baƙon malami ba shi da shi.

Darasin labarin ƙasa ya nuna yadda tsarin ke aiki. A kan fita da yara zuwa wani kwari kusa da gari, inda rafin Buron ke gudu, su duba shi sama da ƙasa. In za su komo kowa ya ɗebo yumɓu, su zo su gina siffar kwarin a kan dogayen tebura. Gobe a koma a ƙara dubawa, a zo a gyara. Sai sun gama wannan duka a ke buɗe musu taswira, su kuwa gane ta nan da nan, domin sun riga sun san abin da layukan ke nufi.

Cikin 1806 aka buɗe sashen 'yan mata, cikin 1813 wani almajirinsa mai suna Naef ya buɗe makarantar kurame a garin, ita ce ta farko a ƙasar. Gwamnatin Furusiya, babbar masarautar Jamus, bayan Nafoliyon ya ci ta da yaƙi cikin 1806, ta aiko da samarin malamai su koyi tsarin don su gyara makarantunta. Cikin 1814, da aka so a mai da gidan asibitin soja, tsohon ya tafi Basel da kansa ya ga Sarkin Rasha Alexander, aka janye umarnin.

Yadda Gidan ya Tsage

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Manyan mataimakansa biyu ne, Niederer, mai zurfin tunani da kaifin alƙalami, da Schmid, gwanin lissafi mai iya riƙon kuɗi, amma mai kaushin hali. Kowannensu yana ganin shi ne magajin tsohon, shi kuwa bai iya tsawata wa ko ɗaya ba. Sha'anin kuɗi ma a sakwarkwace ya ke, har an yi zamanin da malamai ba su da tsayayyen albashi, wanda ya bukaci riga ko takalmi sai ya ɗiba daga akwatin gida. Yawan baƙi masu zuwa kallo kuma ya sa darasi ya fara zama abin nuni.

Cikin 1809 makarantar da kanta ta roƙi majalisar ƙasa ta aiko a duba ta. Aka naɗa mutum uku, cikinsu har da wani masanin sha'anin makaranta mai suna Girard. Suka yi kwana biyar, rahotonsu ya fito cikin 1810. Sun yabi halin tsohon da himmar malamai, amma suka nuna cewa abin da a ke yi a wannan babban gida na 'ya'yan masu hali ba zai ɗauku zuwa makarantar ƙauye mai malami guda ba. Maganar ta yi masa zafi, domin saboda talakawa ya fara aikin tun asali.

Schmid ya fita cikin 1810, bashi ya yi yawa, aka komo da shi cikin 1815. A ƙarshen shekaran nan Anna ta rasu, ita ce kuwa mai sulhunta mutanen gidan. Cikin 1816 malamai goma sha shida suka ajiye aiki, Krüsi ma ya tafi. Cikin 1817 Niederer ya rabu da malaminsa a gaban jama'a, aka shiga ƙara a gaban alƙali a kan lissafin kuɗi, shari'ar ta ja shekaru, kowane ɓangare yana buga takardun zargi. Cikin 1818 tsohon ya buɗe wata 'yar makarantar matalauta a Clindy da kuɗin littattafansa, amma ba ta daɗe da zaman kanta ba. Iyaye suka riƙa janye 'ya'yansu, cikin Maris 1825 aka rufe Yverdon. Ya koma Neuhof wurin jikansa, ya rasu a garin Brugg ran 17 ga Fabrairu 1827, yana da shekara 81. Aka binne shi a jikin makarantar ƙauyen Birr.

Abin da ya Bari

Makarantun sun mutu, amma mutanen da suka zauna a cikinsu sun ɗauki irin sun shuka a wurare dabam dabam. Friedrich Froebel, wanda ya zauna a Yverdon daga 1808 zuwa 1810, shi ne ya kafa makarantar ƙananan yara ta wasa da waƙa, wadda ya sa wa suna lambun yara cikin 1840. Charles Mayo ya zo daga Ingila cikin 1819, ya yi shekara uku, ya koma da tsarin; 'yar'uwarsa Elizabeth ta yi aiki da wata ƙungiyar horar da malamai da aka kafa a London cikin 1836. Daga baya John Dewey ya buɗe makarantarsa ta gwaji a Chicago ta Amurka cikin 1896, Maria Montessori ta buɗe gidan yara a Rum cikin 1907, kowannensu da tasa hanya, amma duk a kan yaro suka ɗora ginin. Cikin 1946 aka kafa wani ƙauye na marayun Yaƙin Duniya na Biyu a Trogen ta Suwizalan, aka sa masa sunan Pestalozzi.

Ba ko'ina irin ya tsira da kyau ba. A makarantu da yawa darasin duban abu ya koma hadda: malami ya ɗaga gilashi, yara su rera siffofinsa daga littafi, ba wanda ya taɓa shi. Tsari ya kan ɗauku a takarda, amma zaman malami da yara kamar uba da 'ya'yansa ba ya ɗaukuwa sai an sami mutumin da zai yi shi.

Mai duban tarihin nan zai ga cewa ba a rufe ko ɗaya daga makarantun nan huɗu don yara sun kasa koyo ba. Neuhof bashi ya ci ta. Stans da Burgdorf hukuma ce ta ba da gida, hukuma kuma ta karɓe sa'ad da wata bukata ta taso. Yverdon husumar ma'aikata da rashin tsare lissafi suka kashe ta. Waɗannan duka al'amura ne da ke hannun ma'aji da magatakarda da mai mulkin gari, ba hannun yaro ba. Malami na ƙwarai shi ke kunna fitilar, amma mai riƙon baitulmali da mai ba da umarni su ke da ikon zuba mata mai ko hana ta. Duk wanda aka ɗora wa kula da makaranta, in ya je duba ta, ya kamata bayan ya ƙirga kujeru da littattafai ya tsaya ya dubi yaran: sun ƙoshi ko ba su ƙoshi ba, suna sakin jiki da malaminsu ko suna ɗari-ɗari, kuma abin da su ke faɗi da baki sun taɓa ganinsa da ido.

Iyakar tarihin Pestalozzi ke nan.